Yadda Aka Kashe Kasuwar Ƙuri'a A Ingila

A kudancin Ingila, kusa da birnin Salisbury, akwai wani tudu da a ke kira Old Sarum. A zamanin da gari ne babba mai ganuwa, amma mutanensa suka tashi suka gangara kwari suka kafa sabon birni, suka bar shi kufai, ba kowa ciki sai tumaki masu kiwo. Duk da haka, har shekarar 1832 wannan kufai yana aika wakilai biyu zuwa Majalisar Wakilai ta Landan. In lokacin zaɓe ya yi, sai baran mai ƙasar ya zo da 'yan mutane da ba su fi a ƙirga da yatsu ba, a taru a gindin wata itaciya, a faɗi sunayen waɗanda maigida ya ke so, a rubuta, a watse. A wannan zamani kuwa Manchester da Birmingham da Leeds, manyan biranen masaƙu da maƙera masu dubban mutane, ba su da wakili nasu na kansu ko ɗaya.

Kujerar irin wannan gari dukiya ce kamar gona ko gida. A kan gaje ta, a kan sayar da ita, a kan ba da ita haya. A farkon ƙarni na 19, wanda ya ke sha'awar shiga Majalisa, in yana da wajen fam 5,000, ba ya rasa mai sayar masa da kujera, alhali leburan gona ba ya samun ko fam guda a mako. To, mutumin da ya sayi kujerarsa da kuɗinsa, wa zai tsare shi ya tambaye shi abin da ya yi a Majalisa? Ba ya jin nauyin kowa sai wanda ya sayar masa. Abin da ke gabansa shi ne ya mai da kuɗinsa, ko ta samun muƙami a Gwamnati, ko ta sama wa 'yan'uwansa aiki.

A garuruwan da ke da masu zaɓe da yawa kuwa, inda ba a iya sayen garin ɗungum, sai a sayi mutanen ɗaya ɗaya. Abin da ya sauƙaƙe wannan ciniki shi ne, a fili a ke zaɓe. A kan kafa dandamali a tsakar kasuwa, mai zaɓe ya hau, ya faɗi sunan wanda ya ke so da babbar murya, akawu ya rubuta. Bayan an gama a kan buga littafin a sayar, kowa ya duba ya ga wanda maƙwabcinsa ya zaɓa. Saboda haka wanda ya ba da kuɗi ya san ko an cika masa alkawari, mai gidan haya ya san ɗan hayar da zai kora, mai masaƙa kuma ya san leburan da zai sallama. Ga kuma giya da nama, waɗanda 'yan takara su kan biya a mashaya, mutane su yi ta ci da sha kyauta har ranar da aka rufe zaɓe.

Zaɓen lardin Yorkshire na 1807 ya isa misalin yawan dukiyar da a ke zubarwa. Mutum uku suka nemi kujera biyu. Biyu daga cikinsu 'ya'yan manyan gidaje ne, Lord Milton da Henry Lascelles, na ukun kuwa William Wilberforce ne, wanda ya yi suna wajen yaƙi da cinikin bayi. Wurin zaɓe ɗaya ne tak a lardin duka, watau birnin York, don haka sai da aka yi ta ɗauko mutane a keken doki daga garuruwa masu nisa, a saukar da su, a ciyar da su, a mai da su gida. Aka yi kwana 15 ana jefa ƙuri'a. Gidan Milton da gidan Lascelles ko wanne ya kashe wajen fam 100,000. Wilberforce ba shi da irin wannan dukiya, amma masu ƙaunarsa suka tara masa gudummawa, waɗansu suka zo da ƙafarsu ba su karɓi ko kwabo ba, har ya zo na ɗaya bai kashe rabin abin da aka tara ba. Lascelles ya faɗi, kuɗinsa suka bi ruwa. Ba wanda ya tambayi ko ɗaya daga cikinsu inda kuɗin suka fito, ko hannun da suka shiga.

Ba wai babu doka ba. Tun 1696 aka hana ciyar da masu zaɓe da shayar da su, a 1729 kuma aka sa tarar fam 500 a kan mai ba da hanci da mai karɓa. Amma dokokin suka zauna cikin littafi kawai, domin in an kai ƙarar zaɓe, 'yan Majalisa su ne alƙalai, yawancinsu kuwa ta wannan hanya suka shigo. Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. Dokar gyara ta 1832 ta ƙwace kujerun ƙananan garuruwa 56, har da Old Sarum, ta ba manyan birane wakilai, ta ƙara yawan masu zaɓe. Sai dai abin da ya biyo baya shi ne, masu sayar da ƙuri'a suka ƙaru, kasuwa ta daɗa cika. A garin St Albans masu bincike suka tarar cikin masu zaɓe 483, mutum 308 sun saba karɓar kuɗi, har aka ƙwace wa garin kujerunsa a 1852.

A 1854 aka yi wata doka wadda ta bayyana laifuffukan zaɓe filla filla, watau ba da hanci, da shayarwa, da tsoratarwa, ta kuma ce ko wane ɗan takara ya nuna lissafin abin da ya kashe. Amma ba ta sa iyakar abin da za a kashe ba, ba ta kuma hana wani ya kashe kuɗi a madadin ɗan takara ba. Don haka sai a kawo wa mai duba lissafi 'yar takarda mai tsabta, manyan kuɗin kuwa su bi ta bayan gida. A 1868 Majalisa ta haƙura ta miƙa shari'ar zaɓe ga alƙalan Babban Kotu, ko da ya ke da fari alƙalan sun nuna ba su so, suna gudun kada siyasa ta ɓata musu suna. Wannan ya yi amfani, domin bayan zaɓen wannan shekara asirin garuruwan Beverley da Bridgwater ya tonu, aka ƙwace musu kujeru a 1870.

Masu neman gyara sun daɗe suna cewa maganin abin duka shi ne ƙuri'ar asiri, irin wadda aka fara a Ostireliya a 1856. Hujjarsu ita ce, in mai saye bai san abin da aka jefa cikin akwati ba, ba zai yarda ya biya ba. Gwamnatin Gladstone ta kafa dokar a 1872, aka fara aiki da ita a garin Pontefract cikin watan Agusta na wannan shekara. Mutane suka yi mamakin yadda aka yi zaɓe aka gama ba faɗa, ba jifa, ba buguwa a tituna. Lalle ƙuri'ar asiri ta rage tsoratarwa ƙwarai, domin talaka ya sami inda zai ɓuya daga idon maigidansa. Amma ba ta kashe ciniki ba, abin da zaɓen 1880 ya nuna ke nan.

Bayan wannan zaɓe aka kai ƙara 42. Abin da alƙalai suka ji ya yi muni har aka naɗa hukumomin bincike na musamman a garuruwa takwas, su ne Boston, da Canterbury, da Chester, da Gloucester, da Knaresborough, da Macclesfield, da Oxford, da Sandwich. A Macclesfield aka sami fiye da mutum 2,800 da hannu cikin cin hanci. A Sandwich, inda aka yi zaɓen cike gurbi cikin watan Mayu, fiye da mutum 1,000 suka karɓi kuɗi, cikinsu har da sama da 100 waɗanda suka karɓa daga ɓangare biyu duka. Ashe asirin da aka ba mai zaɓe ya zama masa hanyar cin kasuwa biyu. Yawancin mutane kuwa, ko ba mai ganinsu, su kan zaɓi wanda ya ba su, don suna ganin rashin yin haka cin amana ne. Kowa ya ci ladan kuturu, ai ya yi masa aski.

Masu bincike suka gano kuma cewa ba duka kuɗin a ke miƙawa hannu da hannu ba. Akwai hanyoyi masu kama da halal. Sai a ɗauki mutum ɗari aikin kai saƙo, alhali ba saƙon da za su kai. A ɗauki waɗansu su kafa tutoci, waɗansu su yi gadin tutocin. A kama ɗakuna haya a mashaya da sunan ofishin kwamiti, a biya mai mashaya kuɗi masu tsoka, shi kuma ya buɗe wa jama'a tulunan giya. A yi hayar masu badujala da kekunan doki fiye da bukata. Ko wane ɗaya daga cikin waɗannan mutane mai zaɓe ne, ko kuwa ɗansa ko ƙanensa. Jimlar abin da 'yan takara suka yarda sun kashe a zaɓen 1880 ta wuce fam 1,700,000, ban da wanda aka ɓoye. Aka ɗaure waɗansu daga cikin dillalan, har da lauyoyi, daga baya kuma Macclesfield da Sandwich suka rasa kujerunsu.

Wannan abin kunya shi ya sa Sir Henry James, Babban Lauyan Gwamnati, ya kawo sabuwar doka gaban Majalisa. Aka daɗe ana muhawara a kanta sashe sashe, har aka zartar da ita cikin watan Agusta 1883. Dabarar James ita ce, ya bar bin masu karɓar hanci ɗaya ɗaya, tun da ba a iya kama dubban mutane, ya koma ya tsare bakin jakar da kuɗin ke fitowa.

Da fari dokar ta sa iyaka. A birnin da masu zaɓe ba su wuce 2,000 ba, ɗan takara ba shi da ikon kashe fiye da fam 350. In sun wuce haka, fam 380, da ƙarin fam 30 a kan ko wane dubu. A gundumomin karkara, saboda faɗin ƙasa, aka sa fam 650, in masu zaɓe sun wuce 2,000 kuwa fam 710, da ƙarin fam 60 a kan ko wane dubu.

Na biyu, ko wane ɗan takara tilas ya naɗa mutum guda tak ya zama ejan ɗinsa, a sanar da sunansa ga kowa. Ba mai ikon biyan ko kwabo saboda zaɓen sai ta hannun wannan ejan. Duk abin da aka biya, in ya kai sule 40, watau fam biyu, sai da takardar neman biya da rasit. Masu bin bashi su kawo takardunsu cikin kwana 14 bayan an faɗi wanda ya ci, a biya su cikin kwana 28. Cikin kwana 35 ejan ya kai wa baturen zaɓe lissafi cikakke, da sunan duk wanda ya ba da gudummawa, da duk wanda aka biya, shi da ɗan takara kuma ko wanne ya sa hannu gaban mai shari'a cewa lissafin gaskiya ne. Sa'an nan a buga taƙaitaccensa a jaridu, a ajiye takardun shekara biyu, kowa ya biya sule guda ya zo ya duba. Wakilin da bai kai lissafinsa ba, ba shi da ikon zama a Majalisa, in kuwa ya zauna, tarar fam 100 ce ko wace rana.

Na uku, aka toshe hanyoyin nan masu kama da halal. Aka ƙayyade yawan akawuna da masinjoji da ɗakunan kwamiti, aka ce wanda aka biya don aikin zaɓe ba shi da ƙuri'a a wannan zaɓe. Aka hana kafa ofis a mashaya, da biyan kuɗin badujala da tutoci, da hayar abin hawa don kai mutane wurin zaɓe. Wanda aka kama da cin hanci, ana iya ɗaure shi har shekara guda, da tara har fam 200. Ɗan takarar da aka tabbatar ya yi da kansa ya rasa kujerarsa, ba shi shiga Majalisa sai bayan shekara bakwai, wannan gari kuwa ba shi wakiltarsa har abada. In mutanensa suka yi ba da saninsa ba, duk da haka kujerar ta tafi. Nan ne dokar ta fi cizo, domin da can ɗan takara ya kan kau da kai, ya ce shi bai ga kome ba, laifin barorinsa ne. 

Amfanin dokar bai daɗe ba ya bayyana. Dokar 1884 ta ba leburorin karkara ƙuri'a, masu zaɓe suka tashi daga wajen miliyan 3 suka haura miliyan 5 da rabi. Duk da wannan ƙari, abin da aka kashe a zaɓen 1885 kaɗan ya ɗara fam miliyan guda. In aka raba kuɗin bisa yawan ƙuri'un da aka jefa, ko wace ƙuri'a ta ci sule 18 da kwabo 9 a 1880, amma a 1885 sule 4 da kwabo 5. Ƙarar zaɓe ta yi ta raguwa. Hukumar bincike ta ƙarshe irin waɗancan ita ce wadda aka aika Worcester a 1906.

Dalilan da suka sa wannan doka ta ci inda na baya suka kasa suna da yawa. Ɗaya shi ne, su kansu 'yan takara sun gaji da tatsa. Da can ba mai iya ƙin bayarwa, don tsoron abokin takararsa zai bayar. Yanzu kuwa kowa ya sami abin fakewa, in an zo roƙo ya ce doka ta hana. Shi ya sa manyan jam'iyyu biyu duka suka goyi bayanta. Wani dalili kuma, ba 'yan sanda kaɗai ke tsaron dokar ba. Wanda ya faɗi zaɓe shi ne ya fi kowa ɗokin biyan sule guda ya zauna ya bi lissafin abokin hamayyarsa rasit bayan rasit, ko ya sami abin kai ƙara. Ga shi kuma masu zaɓe sun yi yawan da ba aljihun da zai iya sayensu. Da aka hana ɗaukar ma'aikata barkatai, tilas jam'iyyu suka koma neman masu yi musu aiki don ra'ayi, ba don lada ba, masu aikin ra'ayi kuwa su kan tambayi wakilinsu abin da ya yi da alkawarin da ya ɗauka.

Amma fa sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, dokar 1883 kuwa ba ta rasa tsaga ba. Kwanakin zaɓe kaɗai ta tsare. Attajiri mai haƙuri ya kan yi shekaru yana kiwon gunduma, yana ba asibiti da ƙungiyoyin wasa gudummawa, yana raba gawayi da barguna lokacin sanyi, ba mai ce masa ya yi laifi. Talaka kuwa ko ya ci zaɓe ba shi da abin zaman Landan, sai a 1911 aka fara biyan wakilai albashin fam 400 a shekara. Babbar tsagar ita ce, dokar ta ɗaure ɗan takara a gundumarsa, ta bar uwar jam'iyya sake. Kuɗin da aka kora daga mashayar gari sai suka koma asusun jam'iyya a Landan, inda ba mai dubawa. A zamanin Firayim Minista Lloyd George aka yi ta sayar wa attajirai sarautun girmamawa don cika wannan asusu, har abin ya jawo dokar hana haka a 1925.

Aka yi shekara 117 kafin a ɗinke wannan tsaga. A 1997 ta bayyana cewa wani attajiri mai harkar tseren motoci ya ba jam'iyyar Leba fam miliyan guda, aka yi ta surutu har jam'iyyar ta mayar masa da kuɗinsa. Dokar shekarar 2000 ta kafa Hukumar Zaɓe, ta sa wa jam'iyyu iyakar abin da za su kashe a ƙasa duka, ta hana karɓar gudummawa daga baƙin waje, ta ce a bayyana sunan mai ba da kuɗi masu yawa. Watau abin da James ya yi wa ɗan takara shi aka yi wa jam'iyya. Sai dai ita ma ba ta sa iyakar abin da mutum guda zai iya bayarwa ba.

Saura guda, watau lissafin wakili bayan ya shiga Majalisa. A 2009 jaridar Daily Telegraph ta sami takardun kuɗin ɗawainiya da 'yan Majalisa ke karɓa, ta yi ta buga su kullum. Jama'a suka ga yadda waɗansu ke biyan bukatun gidajensu da kuɗin haraji. Shugaban Majalisa ya sauka ba da son ransa ba, abin da ba a gani ba tun 1695, aka kuma ɗaure waɗansu wakilai. A 2015 aka yi dokar kiranye. Bisa ga wannan doka, in an ɗaure wakili, ko Majalisa ta dakatar da shi kwana goma na zama, ko kotu ta same shi da ƙarya cikin neman kuɗin ɗawainiya, sai a buɗe takarda mako shida a gundumarsa. In mutum ɗaya cikin goma na masu zaɓe suka sa hannu, kujerar ta zama ba kowa, a sake zaɓe.

A 2019 dokar ta hau kan wakilin gundumar Brecon da Radnorshire a ƙasar Wales. Ya sayi hotuna na fam 700 don ƙawata ofishinsa, abin da ya halatta a biya shi, amma sai ya ƙago takardun biya guda biyu na ƙarya don ya raba kuɗin gida biyu. Kotu ta same shi da laifi. Kusan mutum ɗaya cikin biyar na gundumar suka sa hannu, aka sake zaɓe, ya sake tsayawa, ya faɗi. A Yorkshire a 1807 gida guda ya zubar da fam 100,000 ba wanda ya nemi ko guntun rasit. Bayan shekara 212, a wannan Majalisa ɗin dai, takarda biyu ta fam 700 ta raba mutum da kujerarsa, waɗanda suka raba shi da ita kuwa su ne mutanen da suka aike shi.